Waƙar Da Masu Ita Suka Raina: Yadda "Smoke on the Water" Ta Fito a Makare

Ina gabatar da wani shiri na daren Asabar a wata tashar FM mai zaman kanta a Damagaram. A cikinsa nake sako kaɗe-kaɗen ƙetare na shekarun baya, in ɗan ba da labarinsu da Hausa. Wani dare na sako "Smoke on the Water" ta ƙungiyar Deep Purple. Lokacin talla ya matso, mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo ta bayan gilashi. Don haka da mai gita ya gama wasansa na tsakiyar waƙa, sai na janye sautin a hankali na shiga magana. Ban gama karanta tallar ba waya ta yi ƙara. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya saba kiran shirin. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ka san abin da ka yi kuwa? Mutane sun yi gobara suna neman wurin fakewa, kai kuma ka bar su a kan titi ka tafi tallar shinkafa." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, lokaci ne ya ƙure." Ya ce, "To gobe in kana karanta labarun duniya, ka tsaya a tsakiyar labari ka ce lokaci ya ƙure, mu ji."

Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Baiti uku ne a waƙar, na bar biyu na yanke na ukun, alhali a cikinsa ne labarin ya kai ƙarshe. Na daɗe ina sako ta ban taɓa ɗaukarta a matsayin labari ba. A kunnena take ne kawai na gita, wanda kusan duk yaron da ya fara koyon gita a duniya yake laluba kafin ya iya komai. Wannan ya sa na koma na bi tarihin fitowarta, sai na tarar ba ni na fara raina ta ba, ba ni kuma na fara sa mata almakashi ba. Masu ita sun riga ni rainin, kamfaninsu ya riga ni yankan. Abin da zan tattauna ke nan: yadda waƙar da ta fi kowace waƙar Deep Purple suna ta yi wata goma sha huɗu kafin a fitar da ita a faifanta na kanta a Amurka, ta yi shekara biyar kafin a yi haka a ƙasarsu Birtaniya, da kuma abin da wannan jinkiri ya ba ta da abin da ya ƙwace mata.

Babban faifai da ƙarami

Wanda bai riski zamanin garmaho ba yana buƙatar ɗan bayani. A wancan lokaci faifai iri biyu ne ke kasuwa. Akwai babba mai faɗin inci 12, yana juyi 33 da ɗoriya a minti ɗaya, kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti ashirin. Shi ne albam. Akwai kuma ƙarami mai faɗin inci 7, yana juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ƙaramin nan shi ne ɗan aike. Yana da araha, shi yara matasa suke iya saya da kuɗin aljihu, shi ake aika wa gidajen rediyo, kuma da cinikinsa da yawan sako shi ake tsara jadawalin waƙoƙin mako. Saboda haka zaɓen waƙar da za a ɗora a kansa ba ƙaramar shawara ba ce. Kamar mai sayar da mangwaro ne yake zaɓen wanda zai yanka ya ajiye a saman tire.

Ƙungiyoyin kiɗan rok mai nauyi na Ingila ba su cika girmama ƙaramin faifai ba. Suna ganin na mawaƙan yayi ne. Led Zeppelin, alal misali, sun ƙi yarda a riƙa fitar musu da shi a Birtaniya a duk tsawon zamansu tare, kuma "Stairway to Heaven" da duniya ta san su da ita ba a sayar da ita a ƙaramin faifai ba a lokacin. Su Deep Purple, waɗanda suka kafu a 1968, ba su kai nan wajen taurin kai ba. Sun ɗanɗani zumar abin tun farko, domin "Hush" ta kai mataki na 4 a Amurka a 1968. A 1970 kuma, da manajojinsu suka matsa musu su kawo waƙar da za ta ja albam ɗin In Rock, sai suka haɗa "Black Night" cikin gaggawa, ta kai mataki na 2 a Birtaniya. Ke nan mutane ne da suke ganin sun san yadda ake dafa waƙar kasuwa. A riƙe wannan, domin shi ne zai yaudare su.

Gobarar Montreux

A farkon Disamba 1971 su biyar suka sauka a garin Montreux da ke bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan: Ian Gillan mai murya, Ritchie Blackmore mai gita, Jon Lord mai ogan, Roger Glover mai gitar bas, da Ian Paice mai ganguna. Sun yi hayar wata babbar mota mallakar ƙungiyar Rolling Stones, wadda aka mayar ɗakin ɗaukar sauti na tafi-da-gidanka. Niyyarsu su yi aiki a zauren gidan cacar garin, wanda za a rufe saboda hutun hunturu. Ranar 4 ga Disamba, Frank Zappa da ƙungiyarsa suna wasa a wannan zaure, sai wani daga cikin ƴan kallo ya harba bindigar nan mai tartsatsin wuta da matuƙan jirgin ruwa ke neman ɗauki da ita. Wuta ta kama rufin, ginin ya ƙone ƙurmus tare da kayan kiɗan Zappa. Ba a rasa rai ba. Cikin waɗanda suka yi ta fitar da mutane akwai Claude Nobs, wanda ya kafa bikin kiɗan jaz na Montreux a 1967. Su Deep Purple suna masaukinsu suna kallon hayaƙi ya kwanta a kan tafkin, kuma daga wannan gani ne Glover ya samo sunan waƙar, wato hayaƙi a kan ruwa.

Nobs ya samo musu wani ƙaramin zaure mai suna Pavilion. Nan suka fara ɗauka da dare, ƙarar ta dami maƙwabta, aka kira ƴan sanda. Kamar yadda ƴan ƙungiyar suka sha ba da labari, yaransu masu ɗaukar kaya ne suka tokare ƙofa har aka gama ɗaukar kiɗan da ake kai. Wannan kiɗa, wanda ba shi da baiti ba shi da suna, shi kaɗai suka tsira da shi daga Pavilion. Daga nan suka koma wani otel da aka rufe don sanyi, Grand Hotel, suka jera kayan kiɗa a wani lungun ɗakuna, suka jingina katifu don tare amsa-kuwwa. Duk wanda yake son ya ji abin da aka ɗauka sai ya ratsa ɗakuna da baranda ya fita cikin sanyi zuwa motar, har suka gaji suka rage zuwa. Tare da injiniyan sauti Martin Birch suka kammala albam ɗin Machine Head kafin watan ya ƙare. Da suka ga waƙoƙin ba su cika faifai ba, sai aka tuna da kiɗan Pavilion, Gillan da Glover suka ɗora masa labarin abin da ya same su. Da Hausar kasuwa, waƙar cikon mudu ce.

Zaɓen farko

Machine Head ya fito a watan Maris 1972 da waƙoƙi bakwai. "Smoke on the Water" ce ta buɗe fuska ta biyu. Amma wadda aka zaɓa a ɗora a ƙaramin faifai ita ce "Never Before", a bayanta kuma aka sa "When a Blind Man Cries", wadda ba ta cikin albam ɗin. "Never Before" ta tsaya a mataki na 35 a Birtaniya, alhali shi albam ɗin ya hau mataki na 1.

Abu ne mai sauƙi yau mutum ya yi musu dariya, sai dai ni da nake zaune a gaban makirfo kullum na fahimci lissafinsu. "Never Before" gajeriya ce, zancenta na soyayya da ɓacin rai ne, amshinta na saurin shiga kai, tana da ɗan sashe mai laushi a tsakiya don waɗanda ba su son hayaniya. Duk abin da mai tsara shirye-shiryen rediyo yake nema yana cikinta. Ita kuwa ɗayar ta haura minti biyar da rabi, ana kusan daƙiƙa hamsin ana kiɗa kafin murya ta shigo, kuma baitocinta cike suke da sunayen mutane da wuraren da yaron Landan ko na Shikago bai damu da su ba. Da ni aka tambaya a 1972, na rantse "Never Before" zan zaɓa. Kuskuren da suka yi irin na gwanaye ne. Sun auna sabuwar waƙa da mudun da ya yi musu aiki a baya, kuma sun ƙimanta kowace waƙa da yawan wahalar da suka sha a kanta. Wadda ta zo musu a sauƙaƙe sai suka ɗauka ba ta da nauyi. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wata goma sha huɗu

Abin da ya faru tsakanin Maris 1972 da Mayu 1973 shi ne zuciyar wannan tarihi. Waƙar ta yi ta girma ba tare da wani ya tallata ta ba. Sun fara buga ta a gaban jama'a a wani shirin BBC da aka ɗauka a Landan a watan Maris 1972, daga nan ta shiga jerin waƙoƙin da suke yawo da su. A Amurka a lokacin rediyo ya rabu gida biyu. Tashoshin AM masu jadawalin waƙoƙi arba'in na mako suna son gajerun waƙoƙi daga ƙananan faya-fayai. Sababbin tashoshin FM kuwa suna bai wa mai gabatarwa dama ya ɗauko albam ya sako duk waƙar da ta yi masa, ko da minti goma ce. Ta wannan ƙofa "Smoke on the Water" ta shiga kunnen Amurkawa, daga hannun ma'aikata irina da masu bugo waya irin dattijon nan nawa.

A watan Agusta 1972 ƙungiyar ta yi wasa uku a Japan, biyu a Osaka ɗaya a Tokyo, aka ɗauka aka fitar da albam ɗin Made in Japan a Disamba. Bai isa kasuwar Amurka a hukumance ba sai a 1973, bayan sabon albam ɗinsu Who Do We Think We Are ya fito a Janairu. A nan ma an sake gwada wata waƙar, "Woman from Tokyo", a matsayin ɗan aike. Sai a watan Mayu 1973 kamfanin Warner Bros ya bi abin da masu sauraro suka riga suka yanke, ya fitar da "Smoke on the Water" a ƙaramin faifai. An rage tsawonta ta koma ƙasa da minti huɗu, a bayanta kuma aka sa wadda aka ɗauka a Japan, ita ma a taƙaice. Ta hau mataki na 4 a jadawalin Billboard, na 2 a Kanada. Machine Head ya kai na 7 a Amurka kuma ya zauna a jadawalin albam sama da shekara biyu, Made in Japan ya kai na 6.

Ga inda abin yake da ban tausayi. Lokacin da faifan ke hawa, ƙungiyar da ta yi shi tana wargajewa. Yawan tafiye-tafiye da rashin jituwa tsakanin Gillan da Blackmore sun kai maƙura, har Gillan ya rubuta takardar ajiye aiki tun ƙarshen 1972, ya yarda ya cika alkawuran wasannin da suka rage. Wasansu na ƙarshe tare ya kasance a Osaka ranar 29 ga Yuni 1973. Gillan ya tafi, Glover ma ya tafi. Makonni kaɗan bayan haka waƙar ta kai ƙololuwarta a Amurka. Wato mutum biyun da suka rubuta labarin, ɗaya ya raɗa mata suna ɗaya ya rera ta, ba su cikin ƙungiyar ranar da ta fi ɗaukaka. David Coverdale da Glenn Hughes da suka maye gurbinsu su ne suka tsaya a gaban dubban jama'a a bikin California Jam a watan Afrilu 1974, suna rera "mu" a kan gobarar da ba su gani ba.

A Birtaniya jinkirin ya fi haka muni. Ba a fitar da ita a ƙaramin faifai ba sai a 1977, ta kai mataki na 21. A lokacin babu ma Deep Purple ɗin, domin ta rushe tun 1976, ba ta sake haɗuwa ba sai a 1984. Wanda ya dogara da jadawalin Birtaniya kaɗai zai ɗauka "Black Night" ta fi ta nesa ba kusa ba. Wannan ya isa ya nuna cewa jadawali yana auna cinikin mako guda ne, ba ya auna abin da mutane za su riƙe.

Me ke cikin waƙar?

Bari in ajiye tarihi in faɗi ra'ayina a kan waƙar kanta, domin shahara ba hujja ba ce ta inganci. Ba ita ce mafi gwanintar aikin Deep Purple ba. Wanda ke son ya ji iyawar Blackmore da Lord ya saurari "Highway Star" ko "Lazy" a wannan albam ɗin. Wanda ke son ya ji inda muryar Gillan ke kaiwa ya nemi "Child in Time". A "Smoke on the Water" kowa ya riƙe hannunsa. Baitocin ma ba su da adon magana. Babu kamance, babu zurfin tunani a kan asara, an ɗora laifi a kan wawa guda an wuce. A wasu wuraren ana jin yadda aka tura suna cikin layi da ƙarfi don ya zauna. Da a takarda aka kawo mini su a matsayin rubutacciyar waƙa, da ban ba su maki mai yawa ba.

Sai dai wannan rashin ado shi ne ƙarfinta. A makarantar aikin jarida an koya mana cewa labari sai ya amsa tambayoyin wa, me, ina, yaushe da yaya. Waƙar nan ta amsa duka in ban da yaushe. Baiti na farko ya faɗi zuwansu da dalilinsa da tashin wutar. Na biyu ya faɗi ƙonewar ginin da ƙoƙarin Nobs da halin da suka shiga na rashin wurin aiki. Na uku ya kai su otel ɗin da babu kowa, ya nuna yadda suka yi aikin da abin da suka samu. Rahoton shaidar gani da ido ne. A kiɗan rok na wancan zamani, wanda ya fi karkata ga mata da motoci da tatsuniyoyi, ba kasafai ake samun haka ba. Mu da muka tashi muna jin makaɗanmu suna adana labarin yunwa ko yaƙi ko zuwan baƙo a cikin waƙa, da sunan gari da sunan mutum, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a kunnenmu ba.

Shi kuwa taken gitar, sautuka huɗu ne kacal ake jujjuyawa. Blackmore yana fizgar tsirkiya biyu lokaci guda da yatsunsa, shi ya sa sautin yake fita da kauri amma ba a cushe ba, Lord kuma yana bin sa da ogan Hammond da aka ratsa ta lasifikar gita har ya yi gurnani. Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne shirun da ke tsakanin sautukan. Wannan ɗan tsayawa shi ke sa jiki ya jira bugu na gaba. Sannan a lura da yadda aka shigo da kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya: gita ita kaɗai, sai ƙananan farantan mai ganga, sai gangar kanta, sai bas, sai murya. Daƙiƙa hamsin ɗin da mai rediyo yake gani ɓata lokaci ne, su ne suke tara jama'a kafin a fara ba da labari. Da baiti ya fara sai taken ya ja da baya, gita ta koma ɗan taɓe-taɓe, bas ya ɗauki nauyin, domin a ji maganar. Wanda ya tsara haka ya san cewa labarin yana da muhimmanci, ko da bakinsa ya ce cikon mudu ne.

Cikin nau'i ukun da suka fito a shekarun 1972 da 1973, na albam shi ne nake ɗauka a matsayin waƙar. Na Made in Japan, wanda aka ɗauka a Osaka, ya fi zafi kuma ya fi tsawo, sama da minti bakwai, yana ƙarewa da gita da ogan suna mayar wa juna martani. Yana da daɗi, amma a can labarin ya fara zama dalilin wasa kawai. Na ƙaramin faifai kuwa aikin ɗan aike ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Ya kai waƙar motoci da shaguna da ɗakunan da albam ba zai shiga ba. Amma waƙar da ginuwarta a hankali ita ce rabin daɗinta, in aka cire mata kusan minti biyu, abin da zai fi fitowa fili shi ne taken. Tun daga nan duniya ta riƙe taken ta saki sauran.

Ana ganin haka ƙarara a 1989. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa arewacin Armeniya a Disamba 1988, wadda ta kashe aƙalla mutum 25,000, manyan makaɗan rok sun taru a ƙarƙashin Rock Aid Armenia suka sake ɗaukar waƙar don tara kuɗin agaji. Akwai Gillan da Blackmore, akwai David Gilmour na Pink Floyd, Brian May na Queen, Tony Iommi na Black Sabbath, Bruce Dickinson na Iron Maiden. Niyyar kyakkyawa ce kuma ba na raina ta. Amma mene ne haɗin gidan caca da ya ƙone a Suwizalan ba tare da asarar rai ba da garuruwan da suka rufta a kan dubban mutane? Babu. An zaɓe ta domin kowa ya san taken, kuma kowane mai gita zai samu wurin nuna hannunsa. A wannan faifai baitocin sun zama abin da ake haƙuri da shi kafin gita ta gaba ta shigo.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwan mai sauraron Hausa da faifan Turawa na shekara hamsin da suka wuce. Ruwana shi ne tambayar da tarihin ya tayar: wa ke yanke hukuncin waƙar da za ta rayu? A nan Nijar mun ga irin wannan da idonmu. Waƙoƙin farko na Mdou Moctar ba kamfani ne ya yaɗa su ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, ta katin ajiya da Bluetooth, har suka ƙetare iyakoki, sai daga baya kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsinci ɗaya ya sa a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara. Hanyar daban ce da ta Deep Purple, amma tsarin ɗaya ne: jama'a suka zaɓa, kasuwa ta biyo baya tana haki. Mawaƙi yakan san wahalar da ya sha, kamfani yakan san abin da ya sayu bara, amma babu ɗayansu da yake jin waƙar da kunnen wanda bai san komai a kanta ba.

Sai dai kada mu masu rediyo mu yi saurin yaba wa kanmu. Gaskiya ne tashoshin FM ne suka ceto waƙar daga fuska ta biyu ta albam. Gaskiya ne kuma don a gamsar da rediyo aka gutsure ta. Hannun da ya ɗaga ta shi ya rage mata tsawo. Yau abin ya ƙara tsananta, domin daƙiƙa talatin ake yanka a ɗora a bidiyon waya, mawaƙa kuma sun fara tsara waƙa tun daga farko don ta dace da wannan yanka. Da a yau aka yi "Smoke on the Water", wataƙila da taken kaɗai za a ɗauka a bar baitocin a Montreux. Can ma, a bakin tafkin, abin tunawar da aka kafa wa waƙar sunanta ne da na ƙungiyar da rubutun taken gitar.

Ban ce kada a taɓa taƙaita waƙa ba. Tasha tana da talla da labarai da lokacin salla, kuma albashinmu daga tallar nan yake fitowa. Abin da na koya shi ne a san abin da ake yankewa kafin a yanka. Akwai waƙar da amshi ne kawai ake maimaitawa, ko'ina ka tsaya ba ka yi ɓarna ba. Akwai kuma wadda take tafiya daga wani wuri zuwa wani, irin wannan kuwa ko dai a ba ta lokacinta ko a ajiye ta sai wani dare.

Asabar ɗin da ta biyo baya na roƙi mai kula da na'ura ya matsar da tallar gaba da minti shida. Na ba da labarin gobarar da Hausa, na faɗi abin da kowane baiti ya ƙunsa, sannan na sako ta albam tun daga bugun farko har inda ogan ɗin Jon Lord ya dushe. Ban yi magana a kan daƙiƙa hamsin ɗin farko ba, abin da ya fi yi mini wuya a duk daren. Da ta ƙare waya ta yi ƙara. Wani matashi ne daga wata unguwa a cikin gari, ya ce shekara uku yana buga taken nan a gitarsa, bai taɓa sanin cewa gobara ce ta gaske ba. Dattijon bai kira ba a daren. Sai bayan mako biyu ya bugo, ya ce, "Ɗana, na ji ka kai su masauki." Sannan ya nemi in sako masa "When a Blind Man Cries", wadda aka ɓoye a bayan faifan da bai yi kasuwa ba.